Kalmar “label”: ƙyallen bakin riga da ya koma goshin mutum

Duk wadda ta taɓa sayen turmin atamfa a Kantin Kwari ta san takardar nan mai ruwan zinariya da ke manne a fuskar turmi. Kafin ta duba zane, kafin ta murza yadin tsakanin yatsu ta ji kaurinsa, kan takardar idonta yake fara sauka. Mai shago ma ya san da haka, shi ya sa yake juyo turmin ta wajen da takardar take ya ce, “Hajiya, duba lebul ɗin da kanki.” In an kai gida kuma sai a shiga wahalar ɓare ta. Na sha ganin yayata tana ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan yadin don danƙon ya saki, tana jan takardar a hankali da farce, tana tsaki in ta yage ta bar fari-fari a jikin zane. Abin da ya sa aka ƙara kuɗi, shi ne abu na farko da ke tafiya kwandon shara.

Wannan takarda ita Bature ke kira label, a furta ta kamar “leibul”. Haruffa biyar ne, ɗan firamare ma ya san ta, amma ta sha ba masu fassara kunya a ɗakunan labarai. Yau tana nufin takardar jikin kwalbar magani, gobe kamfanin da ke fitar da waƙoƙi, jibi kuma sunan da aka jefi wani da shi har ya raka shi kabari. Zaren da ya ɗinke waɗannan ma'anoni ba ya fitowa sai an koma inda kalmar ta faro. A can kuwa babu takarda, babu rubutu. Ƙyalle ne kawai yake reto.

Turanci ya aro ta daga tsohon Faransanci wajajen shekarar 1300. Tun bayan da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da masu hannu da shuni har kusan shekara 300, talakawa suna can da Turancinsu. Kalmomin sutura da sarauta da shari'a masu yawa ta wannan ƙofa suka shigo. A Faransancin wancan zamani, label ko lambel siririn ƙyalle ne, ko geza, da ake bari yana lilo a jikin tufa don ado. Su ma Faransawan aro suka yi. Akasarin masana asalin kalmomi suna ganin ta fito ne daga harshen Farankawa, ƙabilar nan ta dangin Jamusawa da sunanta ya zama sunan ƙasar Faransa, daga wata saiwa mai nufin abin da ya saki yake lilo. Danginta suna nan da ransu. Lambeau a Faransancin yau shi ne yagaggen tsumma. Lap a Turanci, wato cinya inda ake ɗora yaro, asalinsa ɓangaren rigar da ke saukowa ya rufe wurin ne, lapel kuma shi ne bakin kwat da ake lanƙwasawa a ƙirji.

Aikin farko na ƙwarai da kalmar ta samu a Ingila, a fagen fama ne. Barde ya sa sulke, kwalkwali ya rufe masa fuska, ba mai gane shi sai ta zanen da ke garkuwarsa, kuma kowane babban gida na da zanensa da ake gada. To ga uba da ransa, ga babban ɗansa ya isa hawa, zanensu ɗaya. Sai aka fito da dabara: a ja wani siririn layi a saman garkuwar ɗan, da 'yan harsuna uku suna saukowa daga jikinsa kamar ƙyallen da aka rataya. Wannan layi shi ne label. Abin da yake faɗa wa duk mai ido shi ne, wannan ɗan gidan wane ne, shi ne magaji, amma bai gada ba tukuna. Ran da uban ya kwanta dama sai a cire layin, garkuwa ta koma tsurarta.

Al'adar ba ta mutu ba. Da Yarima William ya cika shekara 18 a 2000, an ba shi tambarin gidan sarautar Ingila da farin label mai harshe uku, a na tsakiyar aka zana jan ɓawon katantanwar teku, wanda aka ɗauko daga tambarin gidan su mahaifiyarsa Diana. Ƙanensa Harry ya samu mai harshe biyar. Da Charles ya hau gado a 2022, label ɗin da ya ɗauka shekara da shekaru ya sauka daga tambarinsa, farin tsura na mai jiran gado ya koma hannun William. Tun daga nan halin kalmar ya bayyana, kuma har yau bai sake ta ba. Label ba jikin garkuwa ba ne, ɗora shi aka yi daga waje. Ba mai garkuwar ke zana wa kansa ba, akwai masu kula da tambura na fada, kuma ofishinsu yana Landan tun da aka kafa shi a 1484. Sannan ana iya cire shi, in masu ikon cirewa sun ga lokaci ya yi.

Kalmar ta yi 'yan yawace-yawacenta a gefe. An kira ƙyallaye biyu da ke sauka ta bayan hular babban limamin coci da ita. Magina sun kira ɗan tudun dutsen da ake yi a saman taga don kore ruwan sama da ita. A 1391 mawaƙin nan Chaucer, da yake rubuta wa ƙaramin ɗansa bayanin na'urar tagulla ta auna taurari, wadda Larabawa ke kira usturlab, ya kira siririn ma'aunin da ke juyawa a fuskarta label. Duk dai siririn abu ne da aka ɗora a kan babba.

Abin da ya kusantar da ita ga rubutu shi ne aikin lauyoyi. A da, a kan fata ake rubuta takardun filaye da wasiyya, kuma ba sa zama hujja sai da hatimi na kakin zuma. Sau da yawa ba a kan fatar ake danna hatimin ba. Sai a tsaga ƙasan takardar, a zura siririyar fata, a ɗora kaki a jikinta a danna hatimi, ya riƙa reto a ƙasa. Ita ma wannan siririyar fata label aka kira ta, daga nan sunan ya tsallaka kan duk 'yar takardar da aka jona wa babba, musamman ƙarin bayanin da mai wasiyya ke yi bayan ya kammala. Da wannan ma'ana Shakespeare ya yi wasa wajajen 1601 a wasan kwaikwayonsa Twelfth Night. An matsa wa wata mai dukiya, Olivia, cewa kada ta mutu ba ta bar wa duniya kwafin kyanta ba. Sai ta mayar da abin ba'a, ta ce za ta sa a lissafa kyan nata kamar kayan gado a jona a wasiyyarta: leɓe biyu, jansu ba laifi, idanu biyu, kowanne da murfinsa, wuya ɗaya, haɓa ɗaya. Wannan na cikin tsofaffin wuraren da aka ga kalmar tana aiki a matsayin aikatau, kuma abin dariya, tun a nan mutum ake ƙoƙarin mayarwa kayan kanti.

Ma'anar da muka fi sani, wato 'yar takardar da ke faɗin abin da ke cikin kwalba ko kunshi, ba ta kankama ba sai wajajen ƙarshen ƙarni na 17. Sai a ƙarni na 19 kuma ta cika duniya, kuma dalilin a fili yake. Matar da ke sayen man gyaɗa a gidan maƙwabciyarta ba ta neman takarda. Ta san matar, ta ji ƙamshin suya ta katanga, in man ya yi ɗaci ta san ƙofar da za ta buga. Amma da aka fara rufe nama da madara a gwangwani, jirgin ƙasa da na ruwa suna kai su inda mai yi da mai ci ba za su taɓa haɗuwa ba, sai ido da hanci suka daina aiki. Ba ka ganin abin da ke ciki sai ka biya ka fasa. Takardar jikin gwangwani ce ta maye gurbin fuskar maƙwabciya. Duk inda kuma aka ce takarda ce ke tsayawa shaida, masu sayar da angulu da kan zabo sun samu kasuwa.

Shi ya sa doka ta biyo baya. Maƙeran Sheffield a Ingila, waɗanda wuƙaƙensu suka yi suna, sun yi ta kuka cewa ana shigo da wuƙaƙen Jamus masu arha an buga musu sunan garinsu. A 1887 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta sa kayan waje suka riƙa ɗaukar sunan ƙasar da ta yi su. Nufin shi ne a kunyata kayan Jamus, mai saye ya ga rubutun ya kauce. Sai reshe ya juye da mujiya. Jamusawa suka gyara aikinsu, cikin 'yan shekaru mutanen Ingila suka lura cewa kayan da suka fi jin daɗinsu a gida rubutun nan ne a jikinsu, “Made in Germany” ya tashi daga gargaɗi ya zama abin tunƙaho. Har yau bakanike a Kano in ya ce maka “wannan ɗan Jamus ne”, ka san farashi zai hau. Kalmomi ukun ba su canza ba, abin da ke bayansu ne ya canza.

Amurka ta yi tata dokar a 1906, a zamanin da ake sayar wa iyaye mata maganin kwantar da jarirai mai ɗauke da sinadarin mofin ba tare da an faɗa ba. Dokar ba ta hana sayarwa ba, ta ce dai in akwai barasa ko hodar iblis ko mofin da makamantansu a ciki, a rubuta a jiki. Jadawalin sinadaran abinci da ake gani a bayan kwali ya fito ne daga wata dokarsu ta 1990. Ostireliya ta tilasta wa kamfanonin sigari kwali mara ado a 2012, Chile kuma a 2016 ta sa baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk abincin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa. A nan gida, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ba ta shiga bakin talaka sosai ba sai zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, lokacin da mutane suka koyi juya kwalin magani suna neman lamba. Da masu jabu suka koyi buga lambar su ma, sai aka ƙaro wadda ake kankarewa a tura ta waya. Kullum takarda na bin ɓarawo, ɓarawo na bin takarda. A fannin magani ne ma aka samu kalmar off-label, wato likita ya ba da magani don wata cuta dabam da wadda hukuma ta amince a rubuta a jikinsa. Ba lalle ne ya zama laifi ba, likitoci na yi da saninsu, amma ya nuna cewa takardar ba ita ce iyakar abin da ke cikin kwalba ba.

Sauran tarihin takardar kanta gajere ne. Wani Ba'amurke, Stanton Avery, ya fara sayar da mai danƙo a jiki, wadda ake ɓarewa a manna, a 1935. Layukan nan baƙaƙe da na'ura ke karantawa a kanti kuwa, ranar 26 ga Yuni 1974 aka fara gwada su a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio, a kan kunshin cingam.

Akwai kuma inda takarda ta haɗiye mai ita. Charles Frederick Worth, telan Ingila da ya buɗe shago a birnin Faris a 1858, shi ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara ɗinka sunansa a cikin rigunan da ya yi. Daga nan label ya zama sunan gidan ɗinkin kansa, har a ce wane ba ya sa kaya sai mai label. (Ƙyallen nan da ke hannun sabuwar kwat, don a kanti aka yi shi, ana so a warware shi kafin a sa. Je wajen ɗaurin aure ka ƙirga waɗanda suka bar nasu.) Haka ya faru da faifan garmaho. A farkon ƙarni na 20 an kira zagayayyar takardar tsakiyar faifai label, kafin tsakiyar ƙarnin sunan ya koma kan kamfanin da ke buga faifan. Yau matashin mawaƙi zai ce ya sa hannu da wani label alhali bai taɓa riƙe faifan garmaho ba. Shayin da ke teburin mai shayi ma, cikakken sunansa Lipton Yellow Label, launin takardar ne ya zama suna.

Wani abin sha'awa, kalmar ta koma gidan da ta fito a matsayin baƙuwa. Bafaranshe ba ya kiran takardar jikin kaya label, étiquette yake cewa, kuma ita 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko suka sani. Daga tsohuwar siffar wannan étiquette ɗin Turanci ya samu ticket, wadda muka mayar tikiti, daga baya ya sake aro ta da ma'anar ladubban zama da manya. Shi kuwa label, Faransawa sun karɓo shi daga Turanci daga baya, kuma ma'anar da ya fi ɗauka a wurinsu ita ce shaidar inganci da hukuma ke bayarwa, irin Label Rouge da aka kafa a 1960, jan tambarin da ake gani a jikin kajin da aka yi kiwonsu bisa ƙa'ida. Saboda haka in jaridar Yamai ta ce ana neman label wa albasar Galmi, ba takardar mannawa ake nufi ba, shaidar asali ake nema. Mai fassarar da ya taso da Turanci yana iya faɗawa wannan rami.

Duk wannan a kan kaya ne. Inda kalmar ta yi nauyi shi ne da ta sauka kan mutane, abin da ya bazu tun ƙarni na 19. Kwalba ba ta jin abin da aka rubuta a jikinta. In ka rubuta “gishiri” a kan gwangwanin sukari, sukari na nan da zaƙinsa. Mutum kuwa yana karanta nasa, maƙwabta ma suna karantawa, kuma kowa na gyara zamansa da shi daidai da abin da ya karanta.

A kan wannan masana zamantakewa na Amurka suka gina ra'ayi guda. Frank Tannenbaum ya fara a 1938, yana bayanin yadda unguwa ke ɗaukar ƙiriniyar yara ta mayar da ita laifi, ta ware yaro ɗaya ta ce shi ne mugun, har yaron ya yarda. Howard Becker, wanda kafin ya yi suna a jami'a makaɗin fiyano ne a gidajen rawa na Chicago, kuma a nan ya zauna da mashaya wiwi ya san su, shi ya ƙarasa ginin a littafinsa Outsiders na 1963. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, kangara ba ta cikin aikin da mutum ya yi ita kaɗai, tana cikin hukuncin da wasu suka yanke wa aikin. Kangararre shi ne wanda aka yi nasarar liƙa wa sunan. Ɗauki yara biyu da suka haura katanga suka tsinki mangwaro. Ɗan mai unguwa an ja masa kunne, an ce yarinta ce. Ɗan mai wanki an kai shi caji ofis ya kwana. Daga ranar, in takalmi ya ɓata a masallaci shi ake kallo, mai shago ba ya ɗaukarsa aiki, iyaye na hana 'ya'yansu tafiya da shi, waɗanda suka rage masa su ne waɗanda aka riga aka kora irinsa. Bayan shekara biyar in ya zama ɓarawon gaske, unguwa ta ce ai dama mun faɗa. Bahaushe ya riga Becker da cewa suna linzami ne.

Ina ganin ra'ayin ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Bai bayyana abin da ya sa aka haura katangar tun farko ba, kuma akwai masu aikata ta'asa shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kiransu da komai. Magoya bayansa kan kafa hujja da gwajin da Rosenthal da Jacobson suka wallafa a 1968, inda aka gaya wa malaman wata firamare a California cewa wasu yara za su yi fice, alhali da ka aka zaɓo su, kuma yaran suka ɗan fi sauran ci gaba. Sai dai bambancin a ƙananan azuzuwa ya fi fitowa, kuma masana sun daɗe suna jayayya a kan girmansa. Abin da ya fi wannan, ba kowane suna ne ke cutarwa ba. Akwai gidajen da 'ya'ya suka yi ta rasuwa ana cewa wabi ne, ana tsangwamar uwa, sai gwajin jini ya zo ya ce sikila ce. Wannan ma label ne, haruffa biyu a takardar asibiti, amma shi ya sauke wa uwar zargi ya nuna hanyar magani. Wanda ya ce a daina sa wa komai suna bai taɓa zama a layin asibiti da ɗan da ba a gano ciwonsa ba.

Matsalar Turancin ita ce kalma ɗaya ce ke ɗauke da bayani da hukunci, kuma nahawunta na taimaka mata ɓoye hannu. A jaridu, aikatau ɗin ya fi zuwa a siffar da ba a ambaton mai yi: “he was labelled a traitor”, an ce da shi maci amana. Wa ya ce? Jimlar ba ta faɗa ba. Sannan akwai ɗan ƙamshi da mai koyo ba ya saurin shaƙa. Ɗan jaridar da ya zaɓi labelled, ya bar called ko described, yawanci yana ja da baya ne daga sunan, yana nuna cewa liƙa shi aka yi, mai yiwuwa ba da adalci ba. Branded ta fi ta zafi, domin asalin brand wuta ce, lalas ɗin da ake ɗana wa dabba, a da har da bayi da masu laifi. Stigma kuma kalmar Girkawa ce ta tsagar da ake yi wa bawa a fata. Waɗannan ba sa ɓaruwa. Label ana sa ran zai ɓaru, ko da zai bar fari-fari kamar na atamfar yayata.

Saboda ana iya ɓarewa a sake mannawa ne ake faɗa a kansa. A Afrilun 2023 Twitter ya manna wa shafin BBC rubutun cewa kafa ce da gwamnati ke ɗaukar nauyinta. BBC ta ce atafau, jama'ar Birtaniya ne ke biyanta ta kuɗin lasisin talabijin, aka sauya rubutun zuwa wadda jama'a ke ɗaukar nauyi. Gidan rediyon NPR na Amurka da aka yi wa irin haka ya tattara ya bar dandalin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a ƙarshen Mayun 2021 ta sa wa nau'o'in korona haruffan Girka, Alfa da Beta da Delta, ta kuma kira su labels da bakinta, don a daina cewa nau'in Indiya ko nau'in Afirka ta Kudu. Ta koyi darasi daga murar 1918, wadda har yau ake kira ta Sifaniya, alhali laifin Sifaniya kawai shi ne ba ta cikin yaƙin duniya, jaridunta na da 'yancin buga labarin da sauran ƙasashe suka danne. Mafi munin misali yana Ruwanda. Turawan Beljiyam ne suka sa a rubuta Hutu ko Tutsi ko Twa a katin shaida a shekarun 1930, kuma wannan layi ɗaya aka riƙa dubawa a shingayen hanya a 1994.

To yaya za a ce label da Hausa? Babu kalma ɗaya, kuma ban ga wannan a matsayin talauci ba. Ta jikin kaya takarda ce, ko lamba, ko tambari in alamar kamfani ake nufi. Ta inganci shaida ce. Ta waƙa kamfani ne. In hukuma ce ta sa sunan da ƙarfin doka, ayyanawa ce, kamar yadda babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, hukuncin da ya canza dokar da za a tuhume su da ita. In bakin mutane ne, laƙabawa aka yi, in kuma da ƙarya da mugun nufi, an shafa masa kashin kaji. Mai fassarar da ya ga label ya rubuta “laƙabi” ko'ina, zai wayi gari yana cewa a duba laƙabin kwalbar magani.

Kamar da ke tsakanin label da laƙabi kuwa haɗuwar hanya ce kawai, ba dangi ba ne. Laƙabi daga Larabci yake, kuma asalinsa ya haɗa na girma da na ƙasƙanci: Siddiƙu laƙabi ne, Faruƙu laƙabi ne. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙubba. Amma malaman hadisi sun ci gaba da kiran manyan maruwaita da A'amash, mai raunin gani, da A'araj, gurgu, suka ce in don a gane mutum ne ba don a muzanta shi ba, babu laifi. Wato sun raba abin da kalmar Turancin ta cakuɗa, sun sa niyyar mai kira a ma'auni. Mu ma ba mu tsira ba. Kalmar jabu da na yi amfani da ita ɗazu, ana danganta ta da Ijebu ta ƙasar Yarbawa, saboda ƙaurin sunan da yankin ya yi da kuɗin bogi a zamanin Turawa. Sunan al'umma guda ya zama sunan kayan ƙarya a bakinmu, har mun manta daga ina ya zo. Almajiri ma daga mai hijirar neman ilimi ya faro.

Ga mai rubutu da Turanci, akwai 'yan tarkuna. Ingila na ninka harafin ƙarshe, labelled da labelling, Amurka na barin ɗaya, labeled da labeling, bin tsarin Noah Webster mai ƙamus na 1828. Makarantun Najeriya da Gana na Ingila suke bi, kwamfuta kuwa sau da yawa na Amurka take zuwa da shi, shi ya sa take ja maka jan layi a kan abin da malaminka ya koya maka. “Lable” kuskure ne ko'ina, table da cable ne ke jan hannu zuwa gare shi. Tunda kuma Hausa ba ta da sautin v, label da level sun zama abu ɗaya a bakinmu: ma'aikaci na lebul 8, atamfa na da lebul mai kyau. Libel dabam ce, daga Latin take, asalinta ɗan littafi, kuma tana nufin ɓata suna a rubuce, ko da yake wanda ya buga wa wani label a jarida yana iya samun kansa a kotu a kan libel.

Sabon gidan da kalmar ta tare shi ne na ƙirƙirarriyar basira. Na'ura ba ta san kyanwa ba sai an nuna mata dubban hotuna, kowanne wani ɗan Adam ya rubuta masa “kyanwa”. Wannan rubutun ma label ne. Rumbun hotuna na ImageNet da Fei-Fei Li da abokan aikinta suka gabatar a 2009 ya kai hoto sama da miliyan 14, 'yan ƙwadago ta intanet suka sa musu suna ɗaya bayan ɗaya a kan 'yan kwabbai. Shekara 10 bayan haka aka sanar da cire dubban ɗaruruwan hotunan mutane daga ciki, saboda an gano sunayen cin mutunci da aka manna wa fuskokin bayin Allah da ba su san ana yi ba. A Janairun 2023 mujallar Time ta ba da labarin ma'aikata a Kenya da ke karanta munanan rubuce-rubuce suna sa musu alama, a kan ƙasa da dala 2 a awa.

Hausa ma ta shiga layi. A 2022 wasu masu bincike, cikinsu har da na Jami'ar Bayero, suka fitar da NaijaSenti, tarin dubban saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Burokan, kowanne an sa masa alamar yabo ne, ko suka, ko tsaka-tsaki. Ka ɗauka kai ne aka zaunar gaban allon. Saƙo ya fito, wani ya rubuta wa ɗan ƙwallon da ya ci a minti na ƙarshe: “Shege, kai dai ba ka da kirki wallahi.” Ba ka san marubucin ba, ba ka san ƙungiyar da yake goyon baya ba, ba ka ji muryarsa ba. Akwatuna na jiranka a ƙasa, kuma saƙo na gaba ba zai fito ba sai ka danna ɗaya.